Na Goma Sha Bakwai

Ƙarfe shida nake shiga mota a Aboabo
da ɗumin kokon Inna a cikina,
in sauka bayan Suwame, inda maƙera
ke gaisawa da guduma tun rana ba ta wanke ido ba.
Kamfaninmu ɗaki biyu ne da tsani ɗaya.
Mu tara ne, in an ƙirga kyanwar mai gadi.

Aikina dalma.
Ina jera ƙwayoyin sola, shuɗaye, sirara,
sun fi ɓawon ƙwai saurin fushi.
Numfashi ma sai na auna shi.
In ɗaya ta tsage ba ta ƙara,
a haƙorinka za ka ji.

Serwaa ce ta haɗa danƙon da muke taƙama da shi,
ta ce zai hana danshin Kumasi shiga gilashi.
Sau goma sha shida danshi ya ƙaryata ta.
Mu ɗora allo bisa kwano ran Litinin,
kafin Juma'a ya yi hazo ta ciki
kamar idon da yana ta rufe.
Sai ta cire tabarau, ta goge, ta rubuta a littafi.
Ba ta taɓa cewa kaico ba.
Ni ke faɗa a madadinta.

Ran da aka ɗauke wuta,
mu masu tatsar rana muka zauna a duhu,
ƙarfen dalma ya huce a hannuna,
Munkaila ya fita neman fetur da galan.
Boakye mai kamfani ya yi dariya har da tari,
sannan ya shige ofis ya turo ƙofa,
muna jin sa yana lallashin masu kuɗi ta waya
da wata murya da bai taɓa ara mana ba.
Albashin Yuni ya iso a Agusta, yana ɗingishi.

Daminar garin nan ba ta da ta-ido.
Kwana huɗu sama kamar tsumman goge tukunya,
ni da mita a kan rufi, ina roƙon lamba ta motsa.
Da azahar in shimfiɗa kwali bayan akwatunan batir,
ina sujada, Serwaa na can tana addu'arta ƙasa-ƙasa.
Ban tambaya ba, amma na san abin da take roƙo.

Inna kuwa kullum tambayarta ɗaya:
"Zuwera, wutar taku yaushe za ta iso ɗakina?"

Na goma sha bakwai bai kai rufi ba.
Ya suɓuce wa Munkaila a matakin tsani na uku,
kusurwa ta fashe kamar haƙorin yaro.
Boakye ya ce wannan ba ya nunuwa ga baƙi, a jefar.
Na naɗe shi da zane, na biya masa kuɗin kujera,
yaron mota yana ta mita.
Na toshe raunin da ragowar danƙo a murfin kwalba,
na danne shi da bulo biyu a kan ɗakin Inna.

Ƙwai ɗaya ya kama.
Ƙarƙashinsa take tace gasara da asuba,
wayoyin maƙwabta sun yi layi a tagarta.

Mako uku ina hawa da tocila, ina neman hazo.
Ruwa ya zo, ya tafi, ya dawo da ƙannensa.
Gilashi tas.
Na rubuta lambar mita a tafin hannu
na kai wa Serwaa kafin gumi ya cinye ta.
Ta daɗe riƙe da hannuna kamar mai duba.

Yanzu Boakye na so a maido masa da allo,
baƙi za su zo daga Ankara ran Talata.
Inna ta ce abin da aka jefar ba shi da uba.
In suna son gani, tsani na nan jingine,
su zo da wuri, kafin koko ya ƙare,
kuma kowa ya riƙo canji.