Benci Arba'in

Ranar da Haladu ya zo, ina fere ƙafar kujera.
Bai ko sauko daga babur ba.
Ƙafa ɗaya a ƙasa, inji na kuka, ya ce,
"Makarantar Andaza na son benci arba'in
kafin yara su dawo hutu. Za ka iya?"
Na ce, "A nawa?"
Ya ce, "Haba Mudi, ni da kai?
Takarda na Dutse, sa hannu ɗaya ya rage.
Kai dai fara."

Kai dai fara.
Kalma uku, ba su kai nauyin ƙusa ba,
amma su suka kwance ragon Gaje daga turke,
su suka auna riɗina a kasuwar Shuwarin
tun farashi na kwance.
Na sayo katako, na sayo ƙusa 'yar inci uku,
na ɗauki Tasi'u da ƙanensa aikin yini.
Gaje ta ce, "Ya rubuta maka?"
Na ce, "Tare muka yi kiwo da shi."
Ta ce, "To awakin ne shaidu?"
Ta koma kan dakanta.

Kwana goma sha tara zarto bai huta ba.
Garin katako a gemu, a kunne, har cikin tuwo.
Da muka kai benci na ashirin na kira shi,
wai oga ya tafi taro.
A na talatin, oga na jinya.
Ranar da na buga ƙusar ƙarshe
waya ce da kanta ta amsa mini,
muryar wata mace mai ladabi, wai layin a kashe yake.

Na hau mota zuwa Dutse da rigar Juma'a.
Akawu ya lashi yatsa, ya juya fayil,
ya ce aikin wani kamfani ne, kuma bencin ƙarfe.
"Ina takardarka?"
Na buɗe masa tafin hannuna,
kanta huɗu da yankan zarto.
Ya duba da tausayi, ban ƙi ba,
ya ce wannan ba ta shiga fayil.

Gaban mai unguwa Haladu ya gyara hula:
"Cewa na yi za a bayar, ban ce an bayar ba."
Mai unguwa ya ce, "Wa ya ji?"
Babur ne kaɗai ya ji.

Suka yi damina a jibge ƙarƙashin darbejiya,
ni da gara muna tsere.
Tasi'u bai taɓa tambayar kuɗinsa ba,
gaisuwarsa ce kawai ta ƙara tsawo.

Gaje ce ta fara ba da su haya.
Suna, ɗaurin aure, taron manoma,
gidan makoki kuwa kyauta.
Ta yago rabin littafin lissafin Hansai:
wane ya ɗauki goma, ranar kaza,
ga dangwalen yatsa da baƙin tukunya.
Ko ƙanena sai ya dangwala.
A haka na sallami Tasi'u.
Rago dai bai dawo ba.

Bara kawun Haladu ya rasu.
Na gan shi a layin gaba, kan bencina.
Ya ɗan jijjiga shi da gindi, bai motsa ba.
Bayan addu'a ya ja ni gefe:
"Hannunka na da kyau, Mudi.
Akwai tebura sittin, wannan karon tabbas ne."

Na ce, "Hansai, kawo littafin uwarki da biro."

Ya dubi shafin, fari tas.
Ya dubi sama, ya ce lokacin la'asar ya yi.
Na dubi inuwata a ƙasa,
da sauran lokaci sosai.
Na bar littafin a buɗe kan benci,
na ɗora masa dutse saboda iska.