Farin Gefen Fata

A ƙauyenmu na Habasha, can sama da tafkin Tana,
kakana Aleka Admasu yana kwafar Littafi Mai Tsarki
a fatar akuyar da ya kankare da hannunsa.
Baƙar tawada ta sauran zance ce,
ja kuwa ta sunan Ubangiji kaɗai.

Ina 'yar shekara tara, riƙe da ƙahon tawada,
na ce, "Kaka, shi Allah yaushe ya fara?"

Bai ɗago ba sai da ya rufe bakin harafin.
Ya ce, "Tiruwark, Littafin nan magulmacin dangi ne.
Wane ya haifi wane, wane ya haifi wane,
shafi guda cur, har wuyan hannuna ya yi tsami.
Sarki da ubansa, makiyayi da ubansa,
ko kogi sai an faɗi inda ya ɓuɓɓugo.
Shekara arba'in ina bin sawun nan,
ban taɓa tsoma alƙalami a ja
don in rubuta wanda ya haifi Mai Sama ba."

Sai ya buɗe min shafin fari.
"Duba. Ana ɗaga labule, an same shi a bakin aiki.
Ba a ce ya iso ba.
Baƙo ake wa sannu da zuwa,
mai gida kuwa tarar da shi ake yi."

Na ce, "To kafin nan fa?"
Ya ɗora yatsana a farin gefen fatar,
inda tawada ba ta taɓa sauka ba.
Gahawarsa ta huce. Bai ƙara cewa uffan ba.

Yau ina koyar da ilimin duwatsu a Bahir Dar.
Ina ƙirga wa tsauni shekaru
kamar yadda ake duba haƙoran sa a kasuwa,
kuma kowane dutse da na fasa
yana da ranar da ba ya nan.
Mai zabura ya riga ni sanin haka:
ya ce duwatsu ma haifarsu aka yi,
kuma akwai Wanda ya ga naƙudar.

Wani ɗalibina, Yirga, mai kaifin baki,
ya ce, "Malama, faɗa daban, nunawa daban.
Littafin ya faɗa ne kawai."
Ban musa ba.
Ba ma'auni ba ne, ba a awon zinariya da shi.
Shaida ce, mai ɗauka ya ɗauka.

Amma da na je gida bayan binne tsohon,
na tarar da kwafinsa na ƙarshe bai kammala ba,
ya tsaya a tsakiyar jimla, ja ta bushe a ƙaho.
Na koma shafin fari.
Yatsana ya zarce harafin farko da kansa,
ya sauka a farin nan,
ya daɗe.
Fatar tana da ɗumi, ko kuwa hannuna ne.