Zagon Ƙasa

Takardar ta iso Fagge bayan La'asar,
da hatimin ƙungiyar teloli a gindinta.
Idon Kawu Tanimu ya ƙare a kafar allura,
ni ya miƙa wa: "Karanta."
Na karanta har inda suka ce
an kore shi saboda zagon ƙasa ga shugabanci.
Keken ɗinki ya tsaya.
Na ce, "Kawu, wane ne Zago?"
Bai tanka ba. Ya ciji zare.

Mai shayin bakin layi ya ce daga zagaye ne,
ka bar ƙofa ka biyo ta bayan gida.
Wani ɗan jami'a ya kawo tawaye, ya kawo bore,
ya ɗora maƙarƙashiya a kai.
Ban ƙoshi ba.

Sai ranar da na kai wa Ɗanlasan magini wandonsa
a wani tsohon soro a Yakasai.
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.
"Zago ai ba mutum ba ne, yaro.
Yayan gara ne, mai ƙaton kai.
Zo ka ƙwanƙwasa nan."
Na ƙwanƙwasa ƙyauren. Fenti bai ko tsage ba,
ciki kuwa sai ka ce ganga.
Ya danna babban yatsa, ƙasa ta zubo.
"Ta ƙarƙashi yake zuwa, ba ya sallama,
ba ya yarda rana ta gan shi.
Yakan bar maka fatar
don ka ci gaba da jingina."
Sannan ya ɗaga kai ya nuna rufi:
"Azarar can giginya ce, tun kakan mai gidan.
Ya lasa ya bar ta.
Katakon arha da aka lulluɓe da fenti,
shi ne tuwonsa."

Na dawo ina juya maganar a cikin adaidaita.
Kawu dai a tsaye ya yi tasa,
gaban mutum sittin, rana tsaka, da hularsa a ka:
"Ina kuɗin asusu na shekara huɗu?"
Wannan ne zagon?
To littafin kuɗin fa, mai kyan bango,
da ba a barin kowa ya ƙwanƙwasa?

Na faɗa wa Kawu.
Ya ce in rage murya,
in zo in riƙe masa bakin yadi,
Sallah saura kwana tara.