Abin da Wuta Ta Ƙi

Shekara talatin ina bandar kifi a Kwalkwalawa,
idona ya fi sabawa da hayaƙi bisa kwalli.
Nomau ya kamo, ni in tsaga, in wanke, in jera,
tarwaɗa a ƙasa, karfasa a sama,
wuta ta yi aikinta, mu ci tuwonmu.

Wata Talata yarinya ta gangaro daga gada
da akwatin ƙanƙara da shuɗiyar safar hannu.
Ige sunanta, daga jami'a.
Ta durƙusa ta gaishe ni kamar mai neman iri.
Ba ta taya tsoka ba,
kitse take so, da hanta, da ƙwan ciki,
abin da nake watsa wa kyanwa.
Na ba ta kyauta. Ta rubuta sunana a jikin kwalba.

Sai da aka yanke gero ta dawo.
Ta ce, Inna, akwai maganin gobara a kifinku.
Na yi dariya har na sarƙe.
Na ce, to mi as sa jiya
daga juya baya in yi Magariba
rabin waya ya koma gawayi?

Ita ba ta dara ba.
Ta ce can inda ake ƙera kaya
cusa shi suke yi a soson katifa,
a ƙeyar talabijin, a rigar wayar lantarki,
don kada wuta ta ci mai barci.
Kayan su tsufa, su hau jirgi, su zo mana gwanjo,
su sake tsufa a hannunmu.
Yara su fasa, su ƙona roba, su zare jan ƙarfe,
toka ta kwanta a juji tana jiran ruwan fari.
Kwata ta miƙa wa Rima.
Tsutsa ta ci laka, ɗan kifi ya ci tsutsa,
babba ya haɗiye ƙarami,
shi kuwa abin ba ya ruɓa, ba ya narkewa,
kitse yake nema ya shimfiɗa tabarma.

Nomau yana gyaran koma, bai ɗago ba.
Ya ce ruwa mai tafiya ba ya riƙe dauɗa.
Ta ce, Baba, ba ya riƙewa, kai wa na gaba yake yi.
Daga nan sai Kwara, daga Kwara sai teku,
inda akwai kifin da ya fi tirela tsawo,
mai shayar da ɗansa kamar saniya.
A nonon fari take ba shi.

Ban taɓa ganin teku ba.
Amma na shayar da bakwai.

Na tuna katifar da na jefa a kwazazzabo bara,
wadda na haifi auta a kanta,
ruwa ya tafi da ita na ce alhamdu lillahi, na huta.
Na tuna zalɓen da ke kan marken bayanmu,
ta kwanta kan ƙwai uku har damina ta raba,
ta tashi, ba ko tsiyak.
Na ce, Ige, shi ne?
Ta ce, ban auna ba, ba zan ce ba.
Nan na yarda da sauran maganarta.

Yau ma na hura wuta, da me za mu ci?
Kitse na ɗiga a garwashi, yana tsartuwa, yana ci bal-bal,
ina kallonsa ko zan ga baƙon da ke ciki.
Ba launi, ba wari.

Jabbi, jikana, ya zo da ɗan kwanonsa,
ya nuna tsakiyar tarwaɗa, inda mai ya taru,
rabonsa tun yana rarrafe.
Hannuna ya je, ya tsaya.
Na karya masa wutsiya.
Ya dube ni, ya dubi kwanon,
ya ce, Kaka, me na yi?