Haruffan Bayan Sunan Adizatu

Shekara talatin da ɗaya na yi a tumbin jirgi,
can ƙasa, inda rana ba ta leƙowa,
ina shafa wa ƙarfe mai, ƙarfe na shafa mini baƙi.
Kunnena ya san injin yadda uwa ta san kukan ɗanta:
wannan na yunwa ne, wancan na ciwo.

Amma ranar da mai binciken jirage ya hau mu a wata tasha mai sanyi,
ya ce, "Ina takardarka?"
sai na miƙa masa tafin hannuna.
Ya dubi kanta, ya dube ni, ya wuce.
Ba a buga wa kanta hatimi.

Na dawo Nima da akwatin ƙarfe ɗaya da ciwon baya.
Sunana bai taɓa hawa wani littafi ba
sai na masu bashi a kantin Masahudu.

Sai ga Adizatu, 'yar ƙanena,
wadda na saɓa a kafaɗa zuwa bakin teku a Nunguwa
tun tana tsoron kumfa.
Ta gama makarantar jiragen ruwa,
ta yanki katin ƙungiyar injiniyoyin teku tun ba ta da albashi.
Na yi mata dariya, ban ɓoye ba.
Na ce, "Kuɗin da kike zubawa duk shekara,
da buhun shinkafa kika sai mana."
Ta ce, "Baffa, bari dai."

Shekara shida tana cika wani littafi mai shuɗin bango.
Kowane daren da ta raya a ɗakin injin,
kowane famfon da ta kwance ta ɗaura,
babban injiniya ya sa hannu a ƙasa.
Wata dattijuwa da ƙungiya ta haɗa su
kan kira ta ran Lahadi, su cinye awa guda a waya,
ni ina kan tabarma, ina jin rabi,
ina gyara musu rabi a zuci.

Ran ganawa ko koko ba ta sha ba.
Mutum uku masu furfura suka zaunar da ita,
suka tambaye ta abin da ta sani,
sannan suka tambaye ta abin da ta taɓa ɓatawa.
Tambaya ta biyun ce ta hana ni barci.
Ni ba wanda ya taɓa yi mini ita.
Ɓarnata, teku ce kaɗai ta sani.

Takarda ta zo, da 'yan haruffa a bayan sunanta.
Na ce to, madalla, na ci gaba da shan rakena.

Bara, a tashar Tema, wani mai jirgi mai gaggawa
ya ce ta sa hannu cewa famfon kashe gobara lafiya yake.
Ba lafiya yake ba.
Ya ce akwai yara goma a bakin ƙofa masu jiran kujerarta.
Ta ce, "Hannun nan ba nawa ba ne ni kaɗai.
Akwai waɗanda suka tsaya mini, a gabansu zan amsa."
Jirgi ya kwana huɗu a ɗaure, aka gyara.
Aikin kuwa ta rasa shi.
Wata biyu tana taya uwarta zuba wake da shinkafa a ganye,
kafin dattijuwar nan ta kira, ba ran Lahadi ba,
ta ce, "Shirya jakarki."

Ni na san daren da aka ce in yi shiru a kan irin wannan.
Na yi shiru, don ba kowa a bayana sai bango.
Allah ne ya kai mu gaci a tafiyar, ba wayona ba.

Yanzu in ta sauka hutu, takan kawo mini ƙarar injinta a waya,
ta ce, "Baffa, saurara."
In kara kunne, in ce, "Na uku yana tari."
Ta rubuta.

Jiya bayan magariba na ce ta sake karanta mini haruffan,
a hankali, ɗaya bayan ɗaya.
Ta karanta, na maimaita, na kuskure na ƙarshe,
yaran layi suka fashe da dariya.
Na ce ta sake.