Hannun Kawu Arzika

A Dundaye, cikin ɗakin gwaji,
muna da tankin gilashi
da muke zuba wa gishiri awo-awo,
don ruwan Rima bai san teku ba.
Ciki taurarin teku huɗu sun kwanta,
da 'yar uwarsu siririya, mai gautsi,
wadda in ka kama ta sai ta bar maka hannu
ta wuce abinta,
kamar wanda mai bin bashi ya riƙe wa riga.

Ran Talata na yanke.
Kafin Laraba fata ta rufe bakin ciwon.
Da kwanaki suka ja, ga ɗan tsiro
kamar haƙorin jariri.
Kan hannun ke fara leƙowa, tsakiya ta biyo,
mai gini ne da ya soma da zaure.

Ba sabon karatu jikinta ya yi ba.
Ƙwayoyin gadon da suka zana ta tun tana ƙwai
su aka tasa daga barci.
Wannan ya ce nan ne gaba,
wancan ya ce nan ne gindi,
wani na zaune yana ƙirga gaɓɓai.
Sunayensu gajeru ne kamar tari,
na cika littafi biyu da su.

Da yamma na bi ta Kwalkwalawa.
Kawu Arzika na gindin injin casa,
injin da ya ci hannunsa na dama
shekara goma sha ɗaya ke nan.
Na nuna masa hoton a waya.
Ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Luba, mu mi munka yi?"

Na ce, Kawu, irinsu na jikinka.
Su suka gina hannun nan sau ɗaya
a cikin duhun cikin Inna,
suka wanke laka, suka ja ƙofa.
Mabuɗin muke nema.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Ko tsaka ta fi ni gata ke nan."
Sannan ya sosa iska,
daidai inda babban yatsa yake ƙaiƙayi,
ya naɗe hannun rigar, ya soke da fil.

Ban ce masa za mu samu ba.
Da safe na koma, na ɗora ma'auni:
tsiron ya ƙaru da rabin ƙwayar gero.
Na rubuta.