Taku na Goma Sha Huɗu

A Yerevan, hawa na shida, lif ya mutu tun bara.
Kakana Vazgen yana da kwalin takalmi
cike da katuna, kowanne da buɗin darar ces guda,
rubutun fensir da ya fara koɗewa.
Ni kuwa kwamfuta gare ni,
wasa miliyan tara a cikinta, ba ta tari, ba ta mantuwa.

Na ce zo ka gani. Ya ce shayinsa zai huce.
Na buga sunansa duk da haka.
Sai ga shi, harafi ɗaya a karkace:
Leninakan, 1974, baƙaƙe ne nasa, ya sha kaye.

Shekara hamsin yana cizon yatsa
kan dokin da ya tura gefen allo.
Kakata ma ta san dokin nan, har ta rasu
tana cewa a ajiye masa faranti a tebur.

Na miƙa wa injin. Fanka ta yi huci,
lambobi suka hau, suka sauka, suka tsaya.
Kaka, dokin daidai yake.
Injin ma nan zai taka.
Ɓarnar tana can gaba, wani ɗan soja da ka bari a baya.

Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga.
Bai yi murna ba.
Wa zai so a ƙwace masa ciwon da ya goya tun yana saurayi?

Can ya jawo allon katako,
ya jera 'ya'yan, hannu na rawa,
ya ce, Tatevik, rufe abin nan.
Nuna min sojan da yatsarki.